Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano Kan Makomar Kano Pillars

Mai girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

  

Ranka ya daɗe, na san teburinka cike yake da abubuwan da suka fi ƙwallo nauyi: ruwan sha, makarantu, asibitoci, haƙƙin 'yan fansho. Da a ce Kano Pillars ta wani attajiri ce, da ƙofarsa zan je in ƙwanƙwasa, in bar ka da aikinka. To amma ta gwamnatin jiha ce. Daga baitulmali ake biyan 'yan wasanta, da amincewarka ake naɗa masu tafiyar da ita, kuma sanarwa guda daga gidan gwamnati ta isa ta rushe su kafin azahar. Shi ya sa na kawo kukana gare ka. Ba don a kori wane ko a ɗauko wane ba. Abin da nake roƙo ya ma fi wannan wuya ga duk mai riƙe da mulki: ka rage ikon da kujerarka take da shi a kan ƙungiyar, ka kuma rubuta hakan a doka yadda wanda zai gaje ka ba zai iya warware shi da baki ba.

Ba sai na ba ka tarihi ba, amma akwai abin da nake so mu duba tare a cikinsa. An kafa Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta ci kofin gasar ƙasa a 2008 a hannun Kadiri Ikhana. Shekara guda bayan nan ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan an tashi 2-2 a Alƙahira, ta kuma je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Sai kofuna uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Shekara 12 aka yi babu baƙuwar ƙungiyar da ta ci Pillars a gida a gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo a 2015. Yaron da aka haifa a farkon wannan zango har ya shiga sakandare bai taɓa ganin an doke Masu Gida a Kano a gasar ƙasa ba. Wannan ƙungiya ce ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022. Ta dawo a 2023, amma tun daga nan ba ta sake zama abar tsoro ba, kuma a watan Oktoban 2025 aka sake zabtare mata maki, aka kore ta daga filinta, ta koma ƙasan teburi.

Duk lokacin da haka ta faru, maganin da ake kawowa iri ɗaya ne: a dakatar da koci.

Mu ƙirga daga 2020 kawai. An kawo Bafaranshe Lionel Soccoia, bai ƙarasa kaka guda ba. Aka koma wa Ibrahim Musa. Aka kawo Salisu Yusuf. Bayan faɗuwa, Evans Ogenyi ya ja ragamar ƙungiyar ta dawo babbar gasa, ladansa shi ne aka ba wani kujerar, wato Abdu Maikaba. Maikaba ya yi kaka guda ya tafi. Usman Abdallah ya zo, aka dakatar da shi ana tsakiyar kaka, aka maido shi, kakar ta ƙare ya tafi. Aka sake kiran Ogenyi a 2025, cikin 'yan watanni aka dakatar da shi, aka nemo Muhammad Baba Ganaru, mutumin da ya ci mana kofi biyu a jere a 2012 da 2013 amma aka bari ya tafi, aka kuma riƙa nemansa duk sa'ad da abin ya cije. A cikin mutanen nan babu wanda bai san aikinsa ba. Maikaba ya ci wa Akwa United kofin ƙalubale a 2017. Usman Abdallah ya ci wa Enyimba gasar ƙasa a 2019. Salisu Yusuf ya riƙe tawagar ƙasa ta 'yan wasan gida. Idan masu horarwa irin waɗannan suka yi ta shigowa ta ƙofa ɗaya suna fita ta ɗaya, alhali sakamako bai canja ba, to an bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wani dare da duk mai son Pillars ba ya son a tuna masa, amma ni shi ne hujjata mafi ƙarfi. Wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Asaba, 2018, mu da Enugu Rangers. Muna da ci uku da nema, saura kwata na awa a tashi. A gidan kallon da nake, wasu matasa sun riga sun fita sun tayar da babura, sun ɗaura ƙyallaye ruwan ɗorawa da kore a madubi, suna jiran busa kawai su shiga gari. Mai shayin bakin ƙofa har ya ce kofin farko kyauta ne ga kowa. Sai Rangers ta farke ɗaya, ta farke ta biyu, ta farke ta uku ana dab da tashi, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Mutane suka watse babu mai yi wa wani sallama. Washegari, a kowace majalisa, magana ɗaya ce: a kori Ibrahim Musa. Ba a kore shi ba. Shekara guda bayan nan, shi ɗin ne ya kai ƙungiyar matsayi na biyu a gasar ƙasa, ya kuma doke Niger Tornadoes a Kaduna ya kawo mana wannan kofi, karo na farko a tarihin Pillars. Babban kofi na ƙarshe da ya shigo Kano, wanda ya kawo shi koci ne da aka yi wa haƙuri bayan kunya mafi girma. Da a ce irin gaggawar yau aka yi masa, da har yanzu ba mu da shi.

Me ya sa haƙurin ya gagara yanzu? A ganina, saboda masu naɗa kocin su ma ba su da tabbacin kwana a kujerarsu. An kafa wa ƙungiyar hukumar gudanarwa a 2023. An kafa wata a 2024. An sake yi mata garambawul a 2025. Shugaban da ya san shekara guda gare shi, watakila ma ba za ta cika ba, ba zai shuka abin da sai bayan shekara huɗu zai yi 'ya'ya ba. Ba zai zauna ya gina makarantar yara 'yan ƙasa da shekara 15 ba. Abin da zai yi shi ne ya kwaso 'yan wasa da yawa a kasuwa guda, ya nemi sakamakon gobe, idan an yi rashin nasara biyu a jere kuma waya ta fara ƙara daga sama, ya miƙa kan koci don ya tsira da nasa. Ban ga laifinsa sosai ba. Duk wanda aka ɗora a kan irin wannan kujera haka zai yi. Sabon koci kuma yana zuwa da nasa yaran, ya sallami na wanda ya gada, a sake biyan kuɗin sa hannu, a sake koyon sabon salon wasa, kafin 'yan baya su gane inda mai tsaron gida yake son su tsaya an sake sauya mai ba da umarni.

Kada a ce mallakar gwamnati ce kaɗai cutar. Enyimba ta Aba ta gwamnatin Abiya ce kamar yadda Pillars take ta Kano. Amma mutum guda, Felix Anyansi-Agwu, ya shugabance ta fiye da shekara 20, a ƙarƙashin gwamnoni uku, har zuwa 2023. A zamaninsa ta ci gasar ƙasa sau tara, ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, abin da babu wata ƙungiyar Najeriya da ta taɓa yi. Enyimba ma ta sha sauya masu horarwa, ba na musun haka. Bambancin shi ne akwai ofishin da ba ya motsi, akwai wanda ya san kwantiragin kowane ɗan wasa da ranar ƙarewarsa, ya san irin kocin da gidan yake buƙata, kuma idan ya zaɓi wanda bai dace ba yana nan a kujera za a tambaye shi. Ban ce a damƙa wa mutum ɗaya Pillars shekara ashirin ba, wannan ma yana da nasa haɗarin. Amma tsakanin shekara ɗaya da shekara ashirin akwai fili mai faɗi.

Sai maganar da na fi jin nauyin faɗa, domin ta shafi mutumin da duk Kano take ƙauna. A watan Yulin 2025 ka naɗa Ahmed Musa janar manaja. Babu mai ja da cancantarsa ta fuskar suna da kishi. Yaro ne da ya ci ƙwallo 18 a kaka guda da rigar Pillars kafin ya tafi VVV-Venlo a 2010, ya buga wa CSKA Moscow da Leicester, ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018, sannan ya dawo gida yana da sauran ƙarfi a ƙafarsa. Kamfanin da ba zai amsa wayar kowa a Pillars ba zai amsa tasa. Amma an naɗa shi yana ci gaba da buga wasa. Ranka ya daɗe, ka ɗan sa kanka a matsayin koci a daren jajibirin wasa, yana zaune a ɗakin otal da takarda da biro zai rubuta mutum goma sha ɗaya. A ganinsa yaron da ke gefen hagu ya fi gudu a wannan makon, shi ya kamata ya fara. Amma wanda zai ajiye a benci shi ne mai gidansa a ofis, wanda gobe zai zauna a taron da za a yanke ko a sabunta masa kwantiragi. Ko da Ahmed bai taɓa buɗe baki ya nemi a saka shi ba, kuma na yi imani ba halinsa ba ne, biron zai yi nauyi. Haka 'yan wasa: wanda suke cin abinci da shi a sansani, suke zolaya a cikin mota, shi ne kuma za su kai wa kuka idan alawus ya makara. An ɗora wa bawan Allah kaya biyu da ba sa tafiya tare. Adalci gare shi shi ne a ba shi zaɓi, sannan idan ofis ya zaɓa a ba shi wa'adi a rubuce, da ƙwararrun da suka san lissafin kuɗi da dokokin cinikin 'yan wasa su tsaya a bayansa. Idan ba haka ba, ranar da abubuwa suka ƙi, sunan da ya shekara goma sha biyar yana ginawa za a jefa wa magoya baya su yayyaga, kamar yadda aka saba yi da masu horarwa.

Rikicin filin wasa ma daga nan yake tasowa, ko da yake an fi son a ɗora shi kan 'yan daba a wuce. A 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, aka cire mana maki uku. A wannan kakar dai aka hukunta shugaban ƙungiyar na lokacin saboda abin da ya faru tsakaninsa da mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada, aka sake cire maki. Ƙarshenta muka faɗi. A Oktoban 2025, Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi a filin Sani Abacha, mutane suka tsallako fili, aka taɓa alƙalai da baƙi, hukumar gasa ta cire maki uku, ta ci tarar miliyoyin naira, ta tura mu Katsina. Babu kocin da ya jefi kowa. Amma da ƙura ta lafa, masu horarwa ne suka rasa aikinsu. Wa aka tambaya yadda aka yi shinge ya kasa riƙe jama'a? Wa ke da alhakin tsaro ranar wasa, kuma me ya same shi? Tarar, daga aljihun talakan Kano ta fito. Kuɗin mota da otal na kowane wasan gida da aka buga a wata jiha, daga nan ya fito. Mai sayar da ruwa da rake da tsire a Ƙofar Mata, wanda ranar wasa ce babbar kasuwarsa, shi ma ya biya nasa kason ba tare da ya san laifin da ya yi ba.

Na san abin da wasu za su ce: a sayar da ita kawai a huta. Suna kafa hujja da Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ta ci gasar 2025, tana da filinta na kanta a Ikenne da makarantar renon yara, ta kuma bar Daniel Ogunmodede ya yi shekaru yana gini har ya kai ga kofi. Hujja ce mai kyau, musamman idan aka tuna Remo ta faɗi daga babbar gasa sau biyu, a 2017 da 2019, mai ita bai yi fushi ya watsar ba. Amma ƙwallon Najeriya cike yake da kaburburan ƙungiyoyin da suka dogara da aljihun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya. Ina Abiola Babes? Ina Leventis United? Iwuanyanwu Nationale, da duk kofunanta, a 2006 aka miƙa ta ga gwamnatin Imo ta koma Heartland. A nan Kano ma, Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978, yau sai dattawa ke tuna ta. Pillars ta fi ƙarfin a ɗaura ta a wuyan mutum guda wanda gobe kasuwa za ta iya juya masa baya, ko 'ya'yansa su ce su ba ruwansu da ƙwallo.

Hanyar da ta fi kama da tamu tana Tanzaniya. Simba da Yanga ƙungiyoyi ne na jama'a masu ɗimbin magoya baya. Simba ta buɗe kashi 49 cikin ɗari ga mai zuba jari, Mohammed Dewji ya shigo, mambobi suka riƙe kashi 51. Yanga ma ta bi tsari makamancin wannan. Yanga ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubalen Afirka a 2023, Simba ta kai a 2025. Ba su rabu da rigima ba, kowa ya san Dewji da mambobin Simba sun sha kai ruwa rana. Amma rigima ce da ake yi a babban taro, da takardun lissafi a hannu. Al Ahly ɗin da muka fitar a 2009, mambobinta ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi shugaba. Tun daga wancan lokaci ta ƙara kofunan Afirka da dama a kabad ɗinta, mu kuwa ba mu sake ganin wasan kusa da na ƙarshe ba.

Abin da nake roƙo ke nan, Mai girma Gwamna. A aika wa Majalisar Dokokin Jiha ƙudurin da zai mayar da Pillars kamfani mai cin gashin kansa. Gwamnati ta riƙe kasonta, domin ba don kuɗinta ba da ƙungiyar ta daɗe da mutuwa, kuma muna godiya. A buɗe wani kaso ga masu zuba jari. Jihar da ta haifi Aliko Dangote da Abdussamad Rabi'u, jihar Kantin Kwari da Singa da Dawanau, ba ta rasa masu hali ba. Dangote ya sha faɗa a bainar jama'a cewa yana sha'awar sayen Arsenal. Abin da ke hana irinsu kallon ta gida, a fahimtata, shi ne babu ɗan kasuwar da zai zuba dukiyarsa inda sanarwar rediyo za ta iya sauya shugabanni cikin dare. Sauran kason a bar wa magoya baya ta hanyar katin zama mamba da ake sabuntawa duk shekara, mai ɗauke da suna da hoto, wanda zai ba mutum damar zaɓen wakilansa a hukumar gudanarwa. Wanda ya tsallaka fili a karɓe katinsa. A yanzu mai jifa ba shi da abin da zai rasa, shi ya sa yake jifa.

Dokar ta ba hukumar wa'adin shekara huɗu, a kuma tsara shi yadda ba zai ƙare tare da na gwamna ba, kada kowane zaɓe ya zo da sabbin fuskoki. Kada a cire mamba sai da laifin da aka tabbatar. Hukumar ta ɗauki daraktan wasanni ta hanyar tallata gurbi, shi kuma ya zaɓi koci, ya ba shi kwantiragin shekara biyu aƙalla da abin da ake so ya cim ma a rubuce. Idan za a sallame shi kafin lokaci, a biya shi ragowar haƙƙinsa daga kasafin ƙungiyar, domin masu korar su ji zafin abin a jikinsu. Kalmar nan ta dakatarwa, wadda ake rataye mutum da ita ba a kore shi ba kuma ba a bar shi ya yi aiki ba, a daina ta.

Sannan lissafi. Pillars tana cikin ƙungiyoyin da suka fi tara 'yan kallo a ƙasar nan. Nawa ake samu a ƙofa a kowane wasa? Nawa ya shigo daga 'yan wasan da aka sayar waje cikin shekara goma da suka wuce, kuma an rubuta wa ƙungiyar wani kaso idan aka sake sayar da su gaba? Rigunan da matasa ke sawa a duk faɗin birni, ko kwabo nawa ke komawa asusunta? Ba zargin kowa nake yi ba. Tambayoyi ne da mai dukiya yake da haƙƙin jin amsarsu, masu dukiyar kuwa su ne mutanen Kano. Ƙa'idojin lasisin ƙungiyoyi na hukumar ƙwallon Afirka ma sun tanadi a riƙa gabatar da lissafin da masu binciken kuɗi suka tantance. A riƙa buga shi duk shekara kowa ya gani. Wannan ba ya buƙatar jiran majalisa, umarninka kaɗai ya isa a fara daga kakar da ta wuce.

Na san abin da nake nema yana nufin kujerun da ake saka wa 'yan gwagwarmayar siyasa da su za su ragu, kuma za a zo maka da ƙorafi. Na san kuma idan an ci kofi bayan haka, ba lallai a ce gwamna ne ya ci ba. Amma yanzu da Barau FC ta shigo babbar gasa, yaran Kano masu tasowa sun sami wata ƙofar, kuma ɗan wasa inda ya ga tsari da tabbacin haƙƙinsa can yake nufa. Ina roƙon a kafa kwamitin da zai tsara ƙudurin, a sa tsofaffin 'yan wasa da lauyoyi da 'yan kasuwa da wakilan magoya baya a ciki, a ba shi wata uku, ya kuma saurari jama'a a fili kafin ya miƙa rahoto. Kafin nan, duk kocin da ke kan benci a bar shi ya ƙarasa kakarsa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba Kano lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai goyon bayan Kano Pillars,
Birnin Kano.